Bindigar iska ta ƙi kwance notin tirela: jabu aka sayo mini ko ni ne ban iya ba?

Garajin_Hanyar_Dan_Issa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da matsala, kuma na san a nan akwai waɗanda suka girme ni a sana'a. Shekara tara ina gyaran ƙananan motoci, sai bana na fara karɓar manya, tunda na samu filin da ke bayan garajina. Sati biyu da suka wuce na aiki ƙanena Kano ya sayo mini bindigar iska, wadda wasu ke ce wa kile a shok, babba mai inci ɗaya, mai dogon baki. Jiya aka kawo Howo, babbar motar nan ƴar China, za a taɓa birkin baya. Na jona ta da kwamfiresona mai lita 100, wanda muke ba taya iska da shi. Ta yi ta-ta-ta kamar da gaske, noti ko gezau. Na sake dannawa, muryarta ma sai ta yi ƙasa. Mai mota na tsaye, yarana na kallo. Ƙarshe dai bututun ƙarfe muka ɗauko muka koma tsalle irin na da. A jikin kwalinta an rubuta ƙarfin da ya ninka abin da notin ke bukata sau uku. Ni dai gani nake jabu aka liƙa wa yaron. In mayar da ita ne ko yaya?

Mai_Faci_Kadro:
Wa alaikumus salam. Maigida, kafin ka ɗauki alhakin mai kanti, faɗa mana kaurin tiyon da ka jona.

Garajin_Hanyar_Dan_Issa:
Jan nan ne mai naɗewa kamar igiyar tarho, wanda ya zo da kwamfireson. Na ƙara masa wani don ya kai bayan motar.

Mai_Faci_Kadro:
To ai shi ke nan. Ka ba doki ruwa da cokali ka ce ya ƙi gudu.

Baba_Berliet:
Ƴaƴan zamani ke nan. Ni tun ana kawo Berliet garin ga nake kwance taya, ban taɓa jiran iska ba. Kile, bututu mita biyu, yaro mai ƙashi. Wanga ba ya lalacewa, ba ya shan kuran, ba a zuwa Kano nemansa. Ka maida musu abinsu ka amshi kuɗɗinka.

Lissafin_Iska:
Baba, Allah ya ƙara girma, za mu dawo kan bututun naka. Bari in fara da mai tambaya. Malam, ni aikina haɗa layin iska ne a garaji da wuraren wankin mota, kuma irin ƙorafinka na ji shi ya fi a ƙirga. Bindigar nan abu biyu take so a tare, mutane kuma ɗaya kawai suke dubawa. Na farko ƙarfin iskar, wato abin da agogo ke nunawa. Yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki a bar 6,3, wasu su rubuta 90 psi, duk ɗaya ne. Na biyu yawan iskar da ke kwarara cikin minti guda. A nan gizo ke saƙa.

Ɗauki tankinka. Lita 100 ne, mu ce ya cika ya tsaya a bar 8. Daga 8 zuwa 6 bar biyu ke nan, sau lita 100, iskar da za ka iya mora lita 200 ce kacal. Bindiga mai inci ɗaya in tana dukan noti mai taurin kai tana iya haɗiye wajen lita 1000 a minti. Yi lissafi da kanka, daƙiƙa goma sha biyu tankin ya zube ƙasa da abin da take so. Shi kuwa injin mai doki biyu ko uku da ke kan irin wannan tanki, abin da yake mayarwa bai wuce lita 200 da ɗoriya a minti ba. Shi ya sa ka ji muryarta ta mutu a danni na biyu.

Wannan ma fa in iskar tana isa gare ta ne. Tiyonka mai naɗewa raminsa milimita 6 ne ko 8. Ita tana son 13, gajere iya yadda zai yiwu, da manyan mahaɗai. Agogon kan tanki zai nuna maka 8 ka ji daɗi, amma da za ka sa wani agogon a gindin bindigar ka danna, allurar za ta faɗi 3 ko 4. Ƙarfin da ake aunawa shi ne na bakin bindiga lokacin da take aiki, ba na tanki yana zaune ba.

Garajin_Hanyar_Dan_Issa:
Ikon Allah. Amma a jikin kwamfireson an rubuta 360 l/min, ba 200 ba.

Lissafin_Iska:
Wancan iskar da yake shaƙa ce, ba wadda yake bayarwa ba. Irin mai fistan ɗin nan ka cire wajen kashi ɗaya cikin uku, in ya tsufa ma fiye. Masu sayarwa babbar lambar suke nuna maka, ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba ita ce ta shafe ka ba.

Dan_Bagalam:
Ni ban yarda a wanke mai kanti tas ba. Jabu ta cika kasuwa. Na taɓa sayen wadda aka buga wa sunan babban kamfani, fenti har yana ɗaukar ido, da muka buɗe cikinta gudumar kamar an yi ta da gwangwanin madara. Wata uku ta tsage. Lambar da ake rubutawa a kwali kuwa, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Araha ba ta ado.

Mai_Faci_Kadro:
@Dan_Bagalam gaskiyarka, akwai jabu. Amma ko Ingersoll Rand ta asali ka ɗauko ka jona da tiyon nan nasa, abin da ta yi masa jiya shi za ta yi. A fara gyara iska, sannan a san wa za a zarga.

Direban_Siterna:
Ku ba ni dama in sa baki a matsayin wanda ake gyara wa mota, ba mai gyara ba. Ina ɗauko mai daga matatar Zinder, hanyar nan ta Tasawa na san kowane rami nata. Ni tsorona da bindigar nan ba wajen kwancewa yake ba, wajen ɗaurewa ne. Bara na canza tayoyin baya a wani garaji, ba zan faɗi suna ba. Yaro ya kama bindiga yana dannawa, noti ya kai ƙarshe bai saki ba, yana ta dukansa yana dariya da ɗan'uwansa. Na ce ya isa, ya ce ai gara ya ɗauru. Kwana huɗu bayan nan, mun wuce Agye da dare, na ji bayan motar yana rawa. Na sauka da cocila. Cikin ƙarafa goma da noti ke hawa, gujon ɗin nan, uku sun katse, wurin karayar fari tas kamar an yanka rake, na huɗu ya miƙe ya sirance. Lita dubbai na mai a bayana. Nan muka kwana ni da karen motata, ban runtsa ba. Tun daga ranar, in za a ɗaure mini taya ina tsaye a kai.

Hajiya_Mai_Tifa:
Allah ya kiyaye gaba, Malam direba. Ni motoci biyu gare ni na yashi, abin da ya same ka ya sami ɗaya, sai dai tamu a cikin gari ne tana tafiya a hankali. To ku masu gyara ku gaya mini, ta yaya mai mota zai gane an ɗaure daidai? Ni dai na ga ana ta ƙara, ban san mai kyau da marar kyau ba.

Lissafin_Iska:
Hajiya, barka da yamma. Ƙa'idar ita ce bindiga ta kwance, ta kuma kai noti kusa, amma ba ita ke yanke hukunci ba. Na ƙarshe aikin kilen awo ne, wanda ake saita lamba a hannunsa, in an kai ya yi "ƙas" a tsaya. Manyan motocin nan masu noti goma, gujon mai milimita 22, yawanci wajen Nm 600 ake ɗaure su (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), wani kamfani ya ɗan haura, wani ya ɗan sauko, littafin motar ne ke da magana. Bindiga mai inci ɗaya da iska ta ishe ta tana iya wuce 2000. Kin ga in yaro ya kwanta a kanta, jan ƙarfen yake yi har ya wuce inda zai iya komawa. Kuma ba a bin noti a jere, ana tsallakawa ne, wannan sai na ɗaya gefen da ke fuskantarsa, don janti ta zauna daidai. In motar ta yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bi da kilen. Ki tambayi makanikinki ya nuna miki wannan kile. In ya fara sosa kai kin samu amsa.

Baba_Berliet:
To kun ji. Ni bututuna bai taɓa katse gujon a hanyar Agye ba.

Tsohon_Amparanti:
Baba, ka yi haƙuri, ni a hannun irinku na tashi, kuma na ga bututu ya katse gujon da idona. Nm 600 ɗin nan fa ba wani abu ne mai nisa ba: yaro mai kilo 60 ya tsaya cak a ƙarshen ƙarfe mai mita ɗaya, shi ke nan ya kai. To mu a lokacinmu ƙato mai kilo 80 ake sa wa ya hau mita biyu yana tsalle. Wannan ya haura 1500 tun kafin ya yi tsallen. Bambancin kawai, mu ba mu da ƙara, shi ya sa ba a zarge mu ba.

Baba_Berliet:
Kai yaro, wa ya ce maka da tsalle ake ɗaurewa? Tsalle na kwancewa ne. Ɗauri da hannu ake jinsa, ƙarfe yana magana in ka iya saurare. Wanda ya koya maka ne bai iya ba.

Tsohon_Amparanti:
Na bi, Baba. Sai dai hannun da ke jin maganar ƙarfe shekara talatin ake yi kafin a same shi, kilen awo kuwa yaron jiya ma zai ji "ƙas".

Mai_Faci_Kadro:
Wani abu ya faɗo mini. @Garajin_Hanyar_Dan_Issa ka tabbata ba ɗaurewa kake yi ba kana zaton kwancewa? Akwai tsofaffin motoci, musamman na Japan, da notin gefen hagu zarensa a juye yake, za ka ga an buga L a kan gujon. Na taɓa ganin mutum uku sun haɗu a kan bututu suna ƙara masa ɗauri.

Garajin_Hanyar_Dan_Issa:
A'a, wannan na sani. Howo ce, kuma da bututu ai ya kwance ta hanyar da aka saba. Yanzu dai na gane iska ce. Tambayata, dole sai na sayi babban kwamfireso? Don gaskiya kuɗin bindigar ma da ƙyar na haɗa.

Garaji_Ali_Dan_Sofo:
Ɗan'uwa, ni na bi ta inda kake. Abin da nake da shi yanzu tanki lita 500 ne, inji mai doki bakwai da rabi, mai bel, yana cika har bar 10 zuwa 11. Da shi yara biyu ke aiki, ɗaya da bindiga ɗaya yana ba taya iska, ba ya gajiya. Amma ka sani irin wannan wutar layi uku yake ci, mai volt 380. In mitarka ta gida ce mai 220 sai ka fara neman a canza maka, wannan kuma wata tafiya ce daban. Kafin in kai nan shekara biyu na yi da dabara: na samu tankunan iska biyu na tsohuwar DAF da aka yanka, na haɗa su da ƙaramin kwamfiresona, na sa tiyo mai kauri mita biyar. Yakan kwance noti huɗu ko biyar, mu sha shayi ya cika, mu ci gaba. Ba sauri, amma ba tsalle.

In kana so ka kawo bindigar wurina gobe bayan la'asar mu jona ta mu gani. Minti biyar ya ishe mu sanin ko jabu ce.

Lissafin_Iska:
Dabarar tankin mota ba laifi, don an yi su ne su ɗauki irin wannan ƙarfi. Sharaɗi dai a duba cikinsu ba tsatsa, kuma kowane ya kasance da abin tsiyayar ruwa a ƙasansa. Abin da nake roƙon jama'a su bari guda biyu ne. Kada a yi wa tankin iska walda in ya huje. Hujin da ka gani a waje, tsatsa ta riga ta cinye kewayensa daga ciki, in ka toshe nan gaba ba yoyo zai yi ba, fashewa zai yi. Sannan kada a ja layin iska da bututun roba na ruwa, PVC ɗin nan. Ruwa in bututu ya tsage zuba yake, iska kuwa tarwatsa shi take, ɓaraguzan su tashi kamar kwalba. Ga ranar Maradi da ke gasa shi ya bushe.

Dan_Bagalam:
Duk wannan magana ce ta wanda ke da wuta. Watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, mota na kan kirik, kuran ya tafi, sai ka zauna kana kallon tanki lita 500. Kun manta 2023? Da Najeriya ta yanke layin da ke shigo mana ta Katsina a watan Agusta, wa ya ji ƙarar bindiga a unguwarsu?

Garaji_Ali_Dan_Sofo:
Ban manta ba, a lokacin ne na sayi gurup, wato janareto. Kuma a nan na yi wani kuskuren: na sayi wanda lambarsa ta yi daidai da ta motar kwamfireson, ashe wajen tashi tana jan wuta ninki biyar ko shida. Da ta yunƙura sai gurup ɗin ya durƙusa ya mutu. Sai da na sayar na ƙara kuɗi. Da yau ne, mai injin gazuwal a jikinsa zan saya, har kan hanya sai ka ɗora shi a bayan mota ka je ceto.

Direban_Siterna:
Ni kam ina da tambaya. Motar kanta tana da kwamfireso, tankunanta suna cika. Na ga wasu direbobi suna yawo da bindiga a bayan kujera, su jona da tankin mota. Wannan fa?

Tsohon_Amparanti:
Yana yi a daji in ba yadda za a yi, inji na kunne, kana jira tsakanin noti da noti. Amma ka sa wa tayoyi waigi sosai, kuma kada ka taɓa layin birki don neman wurin jonawa, akwai bakin da aka tanada na ba taya iska. Ka lura kuma, tankin wasu motocin yana haura bar 10, ya fi abin da bindiga ke so. Ni a hanya na fi yarda da abin nan mai wani hannu da ake juyawa kamar injin markaɗe, mai giya a ciki, ƙafarsa ta dogara da notin kusa. Juyi hamsin da wani abu na hannunka shi ne juyi ɗaya na noti. Ba ya son iska, ba ya son wuta.

Baba_Berliet:
Wanga kam na yarda da shi. Ɗana ya kawo mini guda, na raina shi, ya ba ni kunya.

Dan_Zamani_227:
Ku kuna ta iska iska, duniya ta koma batir. Milwaukee da Makita duk suna da manya masu kwance notin tirela. Ba tiyo, ba tanki, ka yi caji da sola ka huta.

Mai_Faci_Kadro:
Ka je ka tambayo kuɗinta da batir biyu da caja, ka dawo mu yi magana. Sannan ka ajiye batirin a rumfar kwano watan azumin bazara ka ga kwana nawa zai yi. Ta iska in ta gaji ƴan fuka-fukan cikinta ake canzawa, kowane makanike zai iya. Taka in ta ƙone sai dai a rataye.

Dan_Zamani_227:
Ai ban ce a jefar da ta iska ba. Na ce wanda bai riga ya sayi kwamfireso ba ya haɗa lissafin duka, tanki da tiyo da canjin mita da gurup, ya gwada da na batir. Ba lallai tazarar ta kai yadda kuke zato ba.

Hajiya_Mai_Tifa:
Yaron nan bai faɗi shirme ba fa.

Makwabcin_Garaji:
Ni ba makanike ba ne, katangata ce ta haɗu da garaji a unguwar Zariya. Don Allah duk wadda za ku saya, ku ji tausayinmu. Ƙarfe shida na safe, ko mun gama azkar ba mu gama ba, ta-ta-ta. Jaririyarmu har ta saba, in ba a kunna ba ne take farkawa.

Garaji_Ali_Dan_Sofo:
Malam, a yi haƙuri, haƙƙin maƙwabtaka gaskiya ne. Kai ma da katanga tsakani ke nan. Babban yarona shekara shida yana riƙe da ita, yanzu sai ka kira shi sau uku. Na sayo musu abin toshe kunne, suna rataye a ƙusa, wai zafi.

Lissafin_Iska:
Tunda @Garajin_Hanyar_Dan_Issa zai ci gaba da bindigar, bari in faɗi abin da ke kashe su a garin nan, don ba aiki ke kashe su ba. Ruwa ne da ƙura. Iska mai zafin 30 tana iya ɗaukar ruwa har giram 30 a kowace mita kubik. Da damina, Yuli da Agusta, kwamfireso mai shaƙar lita 500 a minti in ya yi awa biyu yana juyawa, wajen lita guda na ruwa zai tara. Yana kwanciya a gindin tanki, ya ci ƙarfe, saura ya bi tiyo ya wanke man da ke cikin bindiga. Akwai ɗan famfo a ƙasan tanki, a buɗe shi kullum da yamma. Na taɓa buɗe wani da aka shekara ba a taɓa ba, abin da ya fito kamar kunun kanwa mai ja, ya cika bokiti.

Da hunturu kuma ƙura ce. Matatar iskar da ke kan inji a duba ta duk sati daga Disamba zuwa Fabrairu. Kuma kada tiyo ya kwana baki a ƙasa, yashin da ya shiga kai tsaye cikin bindiga zai tafi.

Mai kuwa, ɗigo uku ko huɗu a bakin da iska ke shiga kowace safiya, in ba ka da ƴar kwalbar nan mai ɗiga shi da kanta a layi. Mai sirara na kayan iska.

Amparanti_Karami:
Maigida, mu baƙin mai muke zuba wa tamu, wanda aka juye daga mota. Wani lokaci man birki.

Lissafin_Iska:
Ƙanena, ka gaya wa maigidanka cikin ladabi ya daina. Tsohon baƙin mai cike yake da gari na ƙarfe, yana kuma daskarewa ya riƙe fuka-fukan. Man birki kuwa kumbura robobin ciki yake. In an rasa na asali, man haidurolik mai lamba 32 ya fi su nesa.

Mai_Faci_Kadro:
A ƙara da soket. Farar nan mai sheƙi ta hannu ce, in ka sa ta a bindiga tsagewa take ta yi tsalle. Baƙa mai kauri ake sawa, 32 ko 33 gwargwadon motar, da ɗan ƙarfen da ke riƙe ta da zoben roba. Tabon da ke haɓata farar soket ce ta yi mini.

Amma ni abin da ya fi ba ni tsoro a aikin iska ba bindiga ba ce, taya ce. Tayar babbar mota bar 8 zuwa 9 take sha. Masu tub ɗin nan 12.00 R20 da jantinsu ke da zobe, in zoben bai zauna ba ya tashi, ba a ba da labari. Ni keji na sa aka haɗa mini da ƙarfe mai kauri, taya na ciki, tiyo mai maƙalewa da kansa, ni ina gefe nesa da agogo a hannu. Yaran da ke zama a kan taya suna ba ta iska suna danna waya, wallahi gabana faɗuwa yake.

Direban_Siterna:
Da masu hure ƙurar birki da iska, su tashi fari fat kamar sun fito daga injin niƙa. Wannan ƙurar ba ta shaƙa ba ce.

Hajiya_Mai_Tifa:
Na tambayi makanikina kilen awo yau da safe. Ya ce yana da shi, aro aka yi. Na ce to motar ta jira a dawo da shi.

Garajin_Hanyar_Dan_Issa:
Jama'a, na dawo da labari. Na kai ta wurin @Garaji_Ali_Dan_Sofo, Allah ya saka masa da alheri, har shayi ya ba ni. Akwai wata Renault a kan kirik. Muka jona da tiyonsa mai kauri, na danna, saura kaɗan ta ƙwace daga hannuna. Noti tara suka fito kamar ana ɓare gyaɗa. Na goma ya ƙi. Muka ɗauko tasa bindigar, tsohuwa duk fentin ya goge, dannawa biyu ta fitar da shi. To yanzu ban san me zan ce ba.

Dan_Bagalam:
Na faɗa muku. Ba ta kai abin da aka rubuta a kwali ba.

Mai_Faci_Kadro:
Tara cikin goma fa, @Dan_Bagalam. Rannan ko ɗaya ba ta yi ba. Kuma wa ya sani ko dukan da ta yi masa ne ya sassauta shi kafin tsohuwar ta zo ta ci suna.

Garaji_Ali_Dan_Sofo:
Ni da na riƙe su duka biyu, tawa ta fi nauyin duka, wannan ba musu. Amma tasa za ta ci abinci. Na lura ma maɓallin ƙarfinta yana kan 2 ne da ya kawo ta, ni na mayar da shi 3 bayan noti na farko.

Garajin_Hanyar_Dan_Issa:
Wallahi ban ma san yana juyawa ba, na ɗauka ado ne. Tsugune dai ba ta ƙare ba. Yanzu kuɗin da ke hannuna abu ɗaya zai iya: ko in sayi tiyo mai kauri da tankunan tsohuwar mota in lallaɓa, ko in fara sayen kilen awo, tunda labarin Malam direba ya hana ni barci.

Direban_Siterna:
Kilen awo. Jinkiri a garaji ba ya kashe kowa.

Garaji_Ali_Dan_Sofo:
Tiyo da tanki. Kilen in ka tashi ɗauri ka aiko yaro ya karɓi nawa, tsakaninmu ba nisa a kabu-kabu.

Hajiya_Mai_Tifa:
Ashe haka ake yin aron da makanikina ke faɗi.

Baba_Berliet:
Kada dai ka sayar da bututun.

Amparanti_Karami:
Maigida @Lissafin_Iska, na buɗe famfon ƙasan tankinmu kamar yadda ka ce, ba abin da ya fito, ko iska. Lafiya ke nan ko toshewa ya yi?